Van Halen: Gudun Yatsu Ne Kaɗai Ya Ɗaukaka Su?

Tambaya: Malam, wata bakwai ke nan ina koyon jita. Wani abokina ya turo mini bidiyon wani Bature riƙe da jita mai ratsin ja da fari da baƙi, ya ɗora hannayensa biyu a wuyanta, sauti na zuba kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. An ce sunansa Van Halen. Shi ya ƙirƙiro wannan salon? Kiɗansu ne ake kira heavy metal? Ina suka shige yanzu? Wani kuma ya ce mini burga ce kawai, babu kiɗa a ciki.

Ƙanena, mu fara gyara suna. Van Halen sunan gidansu ne, shi ne kuma sunan ƙungiyar. Wanda ka gani a bidiyon Eddie ne, wansa Alex kuma shi ke zaune a kan ganguna. Wanda ya ce maka burga ce kawai ya saurari minti biyu ne daga aikin shekara arba'in. Amma ban ga laifinsa sosai ba, domin minti biyun nan su duniya ta fi riƙewa, su ne kuma suka ɓatar da makaɗa da yawa.

An haifi Alex a 1953, Eddie a 1955, duk a Amsterdam ta ƙasar Holan. Mahaifinsu Jan makaɗi ne, mai busa sarewar Turawa da kaɗa fiyano. Mahaifiyarsu Eugenia daga tsibirin Java na Indonesiya take. A 1962 suka yi ƙaura zuwa Pasadena a jihar Kalifoniya, yaran ba sa jin Turanci. Fiyano aka fara ɗora su a kai, kuma Eddie ya ci gasa fiye da sau ɗaya alhali bai iya karanta rubutun kiɗa yadda ya kamata ba: kallon yatsun malaminsa yake yi, ya haddace da kunne. Riƙe wannan batu na fiyano, za mu dawo kansa. Da suka juya ga kiɗan rock, Eddie ne ya sayi ganguna, Alex yana jita. Kullum Eddie ya fita rabon jarida don ya biya kuɗin gangunan sai Alex ya haye kansu, har ya fi mai su iyawa. Sai suka yi musaya.

Sun kafa ƙungiya mai suna Mammoth. Akwai wani yaro ɗan likita, David Lee Roth, da suke hayar lasifikoki a wurinsa. Daga baya suka ga ɗaukarsa mawaƙi ya fi biyan haya sauƙi. A 1974 Michael Anthony ya shigo a kan jitar bes, Roth kuma ya ba da shawarar a koma kiran ƙungiyar da sunan gidan 'yan'uwan. Shekarun da suka biyo baya su ne makarantarsu ta gaskiya: wasa a bayan gidajen mutane a Pasadena har 'yan sanda su zo su watsa taro, sannan kwana da kwanaki a gidan rawa na Gazzarri's a Los Angeles, suna kaɗa waƙoƙin wasu awa bayan awa don mutane su taka. Wanda ya yi shekaru yana ciyar da kansa da sa mutane rawa, ba zai taɓa raina kari ba. Gene Simmons na ƙungiyar Kiss ya ɗauki nauyin naɗar musu gwaji a 1976, abin bai kai ko'ina ba. Sai a 1977 Ted Templeman da Mo Ostin na kamfanin Warner Bros. suka gan su a gidan rawa na Starwood, suka ba su kwantiragi.

Faifansu na farko ya fito a Fabrairun 1978. Abu na biyu a cikinsa shi ne "Eruption", minti ɗaya da daƙiƙa 42, babu baiti babu amshi, jita ce zalla in ban da ɗan ganga da bes a farko. Ba ma da niyyar naɗarsa aka shiga situdiyo ba. Eddie na ɗumama hannu ne Templeman ya ji, ya ce a kunna na'ura.

Ga abin da ke faruwa a ƙarshensa, wurin da ya ɗauke maka hankali. A kiɗan jita na yau da kullum aiki a rabe yake: hannun hagu ya danne tsirkiya a wuya, na dama ya kaɗa ta. Amma in jitar lantarki ce kuma an buɗe mata murya, buga yatsa da ƙarfi a kan gaɓa, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan da aka jera a wuyan jita, ya isa ya fitar da sauti ba tare da an kaɗa ba, haka ma fizge yatsan daga kan tsirkiyar. Duk mai koyo ya san waɗannan biyun da hannun hagu. Matsalar ita ce tafin hannu yana da iyaka, gaɓa huɗu ko biyar yake iya rufewa. Eddie sai ya ɗauko manuniyar hannun dama ya mayar da ita ƙarin yatsa a kan wuya. Gwada a tsirkiya ta biyu: manuniyar hagu a gaɓa ta 2, ƙaramin yatsa ko na kusa da shi yana jiran gaɓa ta 5. Buga gaɓa ta 9 da manuniyar dama, fizge ta sautin ya faɗo kan ta 2, sannan ka buga ta 5 da hagu. Uku ke nan. Maimaita. Sai ka matsar da yatsan dama zuwa ta 10, ka ji yadda launin kiɗan ya sauya gaba ɗaya. Don manuniyarsa ta zama a sake, tsakanin babban yatsa da na tsakiya yake riƙe ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi.

Ka lura da abin da sautukan ukun nan suke. Ba barbaɗe ba ne. Kowane uku gungun sauti ne da aka warware ɗaya bayan ɗaya, kuma gungun yana tafiya daga wani zuwa wani, yana ɗaure kunne yana kwancewa, irin tafiyar da ɗalibin fiyano ke koya tun yana yaro. Fiyanon Pasadena ne ya dawo ta cikin jita. Shi ya sa ko ka rage gudun bidiyon zuwa rabi, abin yana nan da daɗinsa. Yawancin masu kwaikwayonsa in ka rage musu gudu sai ka tarar babu komai a buhun.

Shi ya ƙirƙiro? A'a. Jimmie Webster yana koyar da kiɗan hannu biyu a wuya tun shekarun 1950. Steve Hackett na ƙungiyar Genesis ya naɗi irinsa a 1971, Harvey Mandel ma yana yi, Emmett Chapman kuwa har wani kayan kiɗa ya ƙera musamman don wannan salon. Shi Eddie ya ce tunanin ya zo masa ne yana kallon Jimmy Page na Led Zeppelin yana fizgar tsirkiya da hannun hagu kaɗai, na dama a sama. Abin da ya yi wanda ba a yi kafinsa ba shi ne mayar da dabarar harshe cikakke, ya kuma kai ta gidan rediyo. Kafin faifan ya fito yakan juya wa 'yan kallo baya in ya zo wurin, don kada a sace. Bayan fitowarsa makaɗa sun yi ta gardama ko jita ce ma.

Jitar da ka gani ita ma da hannunsa ya haɗa ta, shi ya sa ake kiranta Frankenstein. Yana son jikin jita samfurin Fender Stratocaster saboda sandar lanƙwasa sauti, amma muryarta ta yi masa siriri. Yana son kaurin muryar jitar kamfanin Gibson, amma ba ya son jikinta. Sai ya sayi gangar jiki mai ɗan aibi dala 50, wuya dala 80, ya ciro maganaɗisun ɗaukar sauti daga wata Gibson, ya fafe katako da kurfi ya cusa shi. Ya tsoma maganaɗisun a narkakken kakin kyandir don ya daina ƙugi in an ƙure murya. Maɓalli ɗaya tak ya bari, na ƙarawa da ragewa. Ratsin kuwa salatif ya nannaɗa ya fesa fenti ya ɓare. A bangon faifan farko baƙi da fari ce. Jan launin ya zo ne a 1979, da fentin keke, bayan kamfanoni sun fara kwaikwayonta. Har wani maganaɗisu na bogi ya liƙa wanda bai haɗa da waya ba, don ya rikita masu leƙe.

Sandar nan da na ambata, ka ɗauke ta kamar igiyoyin kalangu. Mai kalangu ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Sandar tana sassauta tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, sautin ya nutse kamar jirgi na faɗowa. Illarta ita ce in ka saki, tsirkiyoyin ba sa komawa daidai inda suke, jita ta kwance. Wani maƙeri mai suna Floyd Rose ya warware wannan da ƙarfen da ke kulle tsirkiya a kai da gindi, kuma Eddie na cikin na farkon da suka ɗauka, shi ya sa ta bazu.

Sai amfilifaya. Tsohuwar Marshall ce mai wat 100, irin mai ƙwan lantarki a ciki, wadda ba ta fitar da zaƙinta sai an ƙure ta, ƙurewar kuma ta fi ƙarfin ƙaramin gidan rawa. Ya sayo na'urar rage ƙarfin wuta mai suna Variac, 'yar'uwar sitabilaizar da muka sani, ya sauke wutar zuwa wajen bolt 90 maimakon 110 da ɗoriya na Amurka, sannan ya buɗe kowane maɓalli har ƙarshe. Sautin ya fito da ɗumi da laushi, ba kaifin reza ba, shi ne ake kira "brown sound". A wata hira ta farko-farko ya ce ƙara wutar yake yi, mutane suka yi ta ƙona kayansu, daga baya ya yarda cewa ɓad da sawu ya yi. Ina faɗa maka ne don kada ka gwada ko wanne a kan taka. Na ga amfilifaya fiye da ɗaya a kan teburina da masu su suka yi wa irin wannan tiyata bayan sun kalli bidiyo.

Batun ko heavy metal ne, masu kiɗan ma ba su daidaita ba. In ma'auninka ƙungiyar Black Sabbath ta Ingila ce, duhu da nauyi da tsoratarwa, to Van Halen ba su cika shi ba: suna murmushi, suna tsalle, Michael Anthony na ɗora siririn amshi mai zaƙi a sama kamar waƙar rediyo. Su kansu sun fi son a ce rock. Amma a 1978 disko da punk ne ke tashe, ana ganin kiɗa mai nauyi ya tsufa. A shekarar aka sa su buɗe wa Black Sabbath fage a rangadi, kuma 'yan Sabbath da bakinsu sun yarda cewa yaran sun sha gabansu dare bayan dare. Duk metal ɗin Los Angeles na shekarun 1980, su Ratt da Dokken da Mötley Crüe da Poison, ta ƙofar da Van Halen suka buɗe ya shigo. Ni dai ina ce musu ubannin wani reshe na metal da su kansu ba su zauna a cikinsa ba.

Yanzu ga abin da nake so ka ɗauka. A waƙa mai minti huɗu, wurin nuna bajintar yatsu bai fi daƙiƙa 20 ko 30 ba. Sauran fa? Kari ne, kuma nan ne gwanintar Eddie ta fi yawa. A faifan farko an ajiye jitarsa kusan ita kaɗai a kunnen hagu, amsa-kuwwarta a dama, ba a lafta mata wasu jitoci a kai ba. Sa abin kunne ka cire na dama. Za ka ji mutum ɗaya yana riƙe da kari, yana cike giɓin da mawaƙi ya bari da 'yan ƙananan ado, yana danne tsirkiya da gefen tafi yana saki, yana rage murya da ɗan maɓallin nan ɗaya in baiti ya zo, ya buɗe in an kai amshi. "Ain't Talkin' 'bout Love" a kan gungun sauti biyu zuwa uku aka gina ta, ɗalibin wata bakwai zai iya danna su. Sa su yi rawa yadda ya sa su ne aikin. Shi da Alex tun suna yara suke kiɗa su biyu a ɗaki ba mai bes, sai karinsu ya zama yana ɗan jinkiri yana ɗan gaggawa tare, kamar numfashi. Wannan ba ya rubutuwa a takarda.

In kana son jin wannan ɓangaren a tsantsarsa, nemi Fair Warning na 1981. Shi ne ya fi jinkirin sayuwa a zamanin Roth, shi ne kuma makaɗa suka fi so. Ni a wurina babu kamarsa a duk abin da suka yi.

Tarihin ƙungiyar kuwa, in ka taƙaita shi, ja-in-ja ne tsakanin mai jita da duk wanda ke riƙe da makirfo. Roth ba shi da wata muryar a zo a gani, amma ɗan wasa ne na ƙarshe, mai baki, mai tsalle, mai sanin abin da taro ke so. Eddie mutum ne mai kunya wanda ya fi son a rufe shi a ɗaki da kayan kiɗa, kuma tun yana yaro ya koyi rufe kunyar da giya, abin da ya bi shi shekaru da yawa. Sun fitar da faifai kowace shekara daga 1978 zuwa 1982. A lokacin ne aka yi labarin alewar M&M's: a takardar sharuɗɗan wasansu an rubuta a ajiye musu kwanon alewar amma a tsince masu launin ƙasa-ƙasa. An ɗauka iskanci ne na masu kuɗi. Roth ya ce gwaji ne: kayan fitilu da dandamalinsu na da nauyi da haɗari, in sun ga alewar da aka hana, sun san ba a karanta takardar ba, sai a sake duba komai.

Diver Down na 1982 ne ya fasa ƙwai. Biyar daga cikin abubuwa 12 da ke ciki waƙoƙin wasu ne aka sake, bisa son Roth da Templeman. Eddie ya ji haushi, ya gina situdiyonsa a gida ya sa masa suna 5150, lambar dokar Kalifoniya ta tsare mai taɓin hankali. A 1982 ɗin ne kuma Quincy Jones, mai shirya faifan Michael Jackson, ya kira shi ya kaɗa jitar tsakiyar "Beat It" ta Michael Jackson. Bai karɓi ko sisi ba. A 1983 aka biya ƙungiyar dala miliyan 1.5 don wasa ɗaya a bikin US Festival. Sai faifan 1984, wanda a cikinsa sarkin jita ya zauna a kan fiyanon lantarki ya kaɗa "Jump", abin da abokan aikinsa suka daɗe suna hana shi. Ita ce waƙarsu ɗaya tilo da ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da ke tashe a Amurka. Faifan kansa ya tsaya a lamba biyu, kuma wanda ya tare masa hanya shi ne Thriller, faifan Michael Jackson mai ɗauke da "Beat It", wanda Eddie ya yi wa aiki kyauta. Shi da na farko kowanne ya haura kwafi miliyan 10 a Amurka.

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A 1985 Roth ya fita, ya kafa tasa ƙungiyar, ya ɗauko Steve Vai don ya nuna shi ma zai iya samun mai yatsu. Makanikin da ke gyara wa Eddie motar tsere ne ya haɗa shi da Sammy Hagar, tsohon mawaƙin ƙungiyar Montrose. Hagar ya fi Roth murya nesa ba kusa ba, yana kuma kaɗa jita. Da shi suka yi faifai huɗu, a 1986 da 1988 da 1991 da 1995, kowanne ya hau lamba ɗaya, abin da ba su taɓa samu da Roth ba, na 1991 har ya ciyo Grammy. Magoya baya har gobe a rabe suke. Nawa ra'ayin: zamanin Hagar ya fi tsari da waƙoƙin soyayya masu shiga rediyo, amma an yi wa jitar wanka da turare har wani ƙurar da ke sa ta daɗi ya tafi. Duk da haka ka ba su wannan: guguwar sabon salon ƙungiyar Nirvana ta 1991 ta share kusan duk makaɗan metal masu dogon gashi na Los Angeles, su kuwa ba ta kayar da su ba.

Daga nan labarin ba daɗi. An yi baran-baran da Hagar a 1996, shi ya ce kora ce, su suka ce tafiya ya yi. Roth ya dawo ya naɗi waƙa biyu, suka fito tare a bikin MTV, cikin makonni aka sake watsewa. Gary Cherone na ƙungiyar Extreme ya yi faifai ɗaya da su a 1998, bai karɓu ba. An sauya wa Eddie ƙugu a 1999, a 2000 aka gano ciwon daji a harshensa aka yanke wani sashe. Rangadin 2004 da Hagar ya ƙare cikin rigima da shaye-shaye. A 2006 aka maye gurbin Michael Anthony da Wolfgang, ɗan Eddie, yana shekara 15. Wannan ya ɓata wa mutane da yawa rai, ni ma ina cikinsu, domin amshin Anthony rabin zaƙin ƙungiyar ne, ko da yake yaron ya iya. Da aka karrama su a Rock and Roll Hall of Fame a 2007, Hagar da Anthony kaɗai suka halarta, wato mutum biyun da ba sa cikin ƙungiyar. Roth ya dawo a shekarar, suka yi faifai na ƙarshe a 2012, mafi yawansa daga tsofaffin gwaje-gwajen shekarun 1970. Wasansu na ƙarshe a Hollywood Bowl ne, Oktoban 2015. Eddie ya mutu ranar 6 ga Oktoba 2020 yana da shekara 65, bayan doguwar jinyar ciwon daji, ƙungiyar kuma ta tafi da shi.

Bayan 1978 an shiga tseren yatsu. Wasu sun kawo nasu: Randy Rhoads, wanda sa'ansa ne a gidajen rawan Los Angeles, da Yngwie Malmsteen na Suwidin, da Joe Satriani, da Vai. Da yawa kuwa gudun kawai suka kwasa, suka mayar da jita filin guje-guje, kuma su ne suka jawo wa salon sunan burga da wancan mutumin ya faɗa maka. Misalin ɗauka mai kyau yana kusa da mu. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar mai kaɗawa da hagu, ana yawan kwatanta shi da Eddie, kuma ya kalli bidiyoyinsa. In ka saurari Afrique Victime na 2021 za ka ji bugun yatsa a wuya, amma a kan karin Agadas yake hawa, ba na Pasadena ba.

Ɗaliban da ke zuwa wurina da wannan bidiyon, nakan koya musu 9 da 2 da 5 ɗin nan a ranar farko, don sati biyu ya ishi mai naci ya fitar da shi, kuma in ban koya ba hankalinsu ba zai kwanta ba. Daga nan sai in kunna musu waƙar "Unchained" ta cikin Fair Warning, in ce su sassauta duk tsirkiyoyin da rabin mataki, ta shida mai kauri su ƙara mata cikakken mataki ɗaya, su bi karin farkon tare da ganga ba tare da sun riga ta ko ta bar su ba. Wannan yakan ci wata shida. Kai ma fara shi yau, a hankali, da ƙafarka tana buga ƙasa, kuma ka naɗi kanka a waya ka saurara kafin ka ƙara gudu.